Ina son zama mai bincike a kan motsin dabbobi da kayan da ake kwaikwaya daga jikinsu, ta ina zan fara?

Ɗalibar Makanikal ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe a digirin farko na injiniyan makanikal. Fannin da nake so in bi shi ne bayomakaniks na dabbobi, wato binciken yadda ƙashi da jijiya da tsoka da ɓawon ƙwari suke ɗaukar nauyi da motsi, da kuma yadda ake ɗauko dabarar da ke ciki a ƙera sabbin kaya, irin su abin manne mara gam da aka kwaikwayo daga tafin tsaka, ko zare mai ƙarfin na gizo-gizo. Burina in kai ga koyarwa da bincike a jami'a.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, digiri na biyu in ci gaba da injiniya ne ko in koma ilimin dabbobi? Me ya kamata in koya tun yanzu? Kuma tunda fannin yana tsakanin sassa biyu, wane sashe ne zai ɗauki mutum aiki daga ƙarshe?

Sannan don aikin kammala digiri ina tunanin auna ƙarfin ƙafar baya ta fara, ko ƙashin ƙafar tsuntsu. Injin gwajin da ke sashenmu mai ɗaukar kiloniyuton 50 ne. Zai yi?

Malamin Bayomakaniks ya amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Shawarata kada ki bar injiniya. Ki tsaya da ƙafafunki a fanni ɗaya da za a san ki da shi, sannan ki ɗora ɗayan a kai. Dalili kuwa yana cikin tambayarki ta ƙarshe. Jami'a tana ɗaukar malami ne a sashe, kuma kwamitin ɗauka yana fara duba wane darasi za ki iya koyarwa. Sashen makanikal zai tambaya ko za ki koyar da ƙarfin kayan gini da lissafin motsi. Sashen ilimin halittu ko na likitancin dabbobi zai tambaya ko za ki koyar da tsarin gaɓoɓi da yadda suke aiki. Wanda ya tsinci kaɗan nan kaɗan can, ba ya iya riƙe aji a ko ɗaya, shi ne yake shan wahala.

Fannin kansa ya rabu biyu, kuma gara ki san wanda ya fi jan ki. Akwai masu nazarin dabba ɗungurungum tana gudu ko tsalle ko tashi. Kayan aikinsu kyamara mai saurin ɗauka ne, da farantin auna ƙarfin taku, da hoton eksire mai motsi. Wannan layin ne na R. McNeill Alexander na Jami'ar Leeds, wanda ya rasu a 2016, shi da ya nuna yadda jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi take adana makamashi a lokacin gudu ta mayar da sama da kashi 90 cikin 100 nasa. Yau za ki samu irin aikin a Concord Field Station ta Harvard, da ɗakin binciken tsari da motsi na Royal Veterinary College a Ingila, da Jami'ar Brown inda aka ɓullo da tsarin XROMM na ganin motsin ƙashi ta fuska uku da hoton eksire. Sai kuma masu nazarin abin da aka gina jikin da shi, daga milimita har zuwa nanomita. A nan akwai rukunin Peter Fratzl a cibiyar Max Planck da ke Potsdam a Jamus, da na Stanislav Gorb a Kiel, da na Walter Federle a Cambridge masu aiki a kan mannewar ƙafar ƙwari. Tunda ƙera kaya kike so, na biyun ya fi kusa da ke, amma wanda bai san irin nauyin da gaɓar take gani a jikin dabba mai rai ba, ba zai san abin da ya kamata ya auna ba.

Abin da za ki koya yanzu: ki ƙware a lissafin lanƙwasar sanda da murɗawa da ilimin tsagewar kaya, ki iya harshen kwamfuta na Python ko MATLAB har ki iya tace bayananki da kanki, ki koyi R don ƙididdiga. Daga ɓangaren halittu, darasi ɗaya na kwatanta gaɓoɓin dabbobi wanda ake fiɗa da hannu, da ɗaya na juyin halitta. Fiɗar ba ta da madadi. Sai kin ga inda jijiya ta kama ƙashi da idonki za ki gane dalilin da samfurin kwamfuta yake ba da amsar da ba ta da kan gado.

Digiri na uku yakan ɗauki shekara 3 zuwa 4 a Ingila da Jamus, a Amurka kuwa 5 zuwa 6 saboda akwai darussa a farko. Wajen zaɓen mai duba aikinki, sunan jami'a ba shi ne farko ba. Ki karanta maƙalu biyar na ƙarshe da suka fito daga rukuninsa, ki duba ko ɗalibai ne suke zuwa a sunan farko, ki bincika inda tsofaffin ɗalibansa suke yanzu. Ki tambaye shi kai tsaye daga ina dabbobin za su fito, ko akwai izini a hannu, da awa nawa ɗalibi yake samu a kan na'urar maikiro-CT mai ɗaukar hoton cikin ƙananan abubuwa da eksire, da madubin ilaktiron. Ayyuka da yawa suna tsayawa ne a kan waɗannan abubuwa uku, ba a kan rashin basira ba.

Bayan digiri na uku kusan kowa yana yin aikin bincike na kwantiragi, shekara 2 ko 3 kowanne, sau ɗaya ko biyu. A nan ne ake tsallakawa: injiniya ya shiga rukunin masana dabbobi, ko akasin haka. Tallafin Humboldt da na Marie Skłodowska-Curie da na Human Frontier Science Program duk suna biyan irin wannan, kuma na ƙarshen yana fifita mai sauya layin bincike. Ki saba da karanta Journal of Experimental Biology, da Journal of the Royal Society Interface, da Bioinspiration & Biomimetics, da Acta Biomaterialia. Manyan tarukan su ne na ƙungiyoyin masana halittu biyu, na SICB da ake yi a watan Janairu a Amurka da na SEB da ake yi wajen watan Yuli a Turai. Guraben dindindin kaɗan ne, ba zan ɓoye miki ba, shi ya sa riƙe asalin injiniyanki yake da amfani ko ta wace fuska.

Mai Awo a Lab ya amsa:

Malam ya gama da batun hanya, ni zan tsaya a kan injin. Ga ƙafar fara, ba zai yi ba. Matsalar tana wajen na'urar da ke jin nauyin, wato lod sel. Yawancinsu ana tabbatar da ingancinsu ne daga kusan kashi 1 cikin 100 na iyakarsu zuwa sama, ke nan mai kiloniyuton 50 ba abin dogaro ba ce ƙasa da niyuton 500. Ƙaurin fara bututu ne mai faɗin kusan milimita 1, 'yan niyuton kaɗan suke karya shi, saboda haka duk abin da za ki gani a allo hayaniyar na'ura ce. Ki nemi lod sel ta niyuton 10. Ƙashin ƙafar tsuntsu mai girman kaza yana karyewa a ɗaruruwan niyuton, wannan ta kiloniyuton 1 ta dace da shi. Sau da yawa injin ɗaya ne, lod sel ɗin kawai ake kwancewa a sauya.

Abin da ya fi lalata sakamako a wannan fanni shi ne bushewa. Ƙashi da jijiya da ɓawon ƙwaro duk kaya ne masu ruwa a jiki. Idan ƙashi ya bushe taurinsa yana ƙaruwa, juriyarsa ta faɗi, ya karye farat ɗaya ba tare da ya fara lanƙwasa ba. Ɓawon ƙwaro ya fi muni don siriri ne, cikin mintuna yake fara rasa ruwa. Ki gwada ƙafar fara nan take bayan cirewa, ki rubuta minti nawa suka wuce ga kowane samfuri, tsakanin cirewa da gwaji ki ajiye ta a rufaffen mazubi da jiƙaƙƙiyar auduga. Ƙashi kuwa ki naɗe shi da bandejin da aka jiƙa da ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin 100, ki sa a leda mai rufewa, ki daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili, ki narkar sau ɗaya tak. Kada ki gwada abin da ya kwana a fomalin, ruwan maganin da ake adana gawar dabba a ciki, domin yana ɗaure zaren kolajin, furotin ɗin da ke cikin ƙashi da jijiya, da juna ya sauya halinsa. Giyar alkohol kuma zuƙe ruwa take yi. Samfuran gidan adana kayan tarihi suna da amfani wajen auna siffa, ba wajen auna ƙarfi ba.

Gwajin lanƙwasawa a kan maki uku shi ne mafi sauƙi: madogara biyu a ƙasa, matsi ɗaya a tsakiya. Tazarar madogaran ta kai aƙalla ninki 16 na kaurin samfurin. Idan ta gaza haka, wani ɓangare na saukar da kike gani zamewar sassan ciki ce, ba lanƙwasa ba, sai taurin ya fito ƙasa da gaskiya. Cikakken ƙashi da wuya ya cika wannan sharaɗin, don haka abin da kike samu daga gare shi halin gaɓar ne gaba ɗaya, ba halin abin da aka gina ta da shi ba. Kada ki haɗa biyun a rubutu. Bakin madogaran ya zama mai zagaye, in ba haka ba zai nutse cikin ɓawon farar, bututun ya lotse kafin ya lanƙwasa.

Lissafin shi ne ƙarfin lanƙwasa M = FL/4, sannan matsin da ke fatar waje My/I, tauri kuma E = (F/d)L³/48I, inda F shi ne nauyin da aka ɗora, L tazarar madogaran, d saukar tsakiyar samfurin, y kuma nisa daga tsakiyar yankan zuwa fatar waje. Duk haɗarin yana cikin I, ma'aunin yadda naman samfurin ya bazu nesa da tsakiya. Yana tafiya da faɗi ninki huɗu a kan kansa, ke nan kuskuren kashi 10 cikin 100 a faɗin sanda mara rami yana zama kashi 46 a I. Kada ki ɗauka ƙafar da'ira ce. Ki yanka ta daidai inda ta karye, ki ɗauki hoton yankan a madubi tare da ma'auni, ki fitar da I da manhajar auna hoto ta ImageJ. Sannan injin kansa yana ɗan miƙewa. Ki matsa guntun ƙarfe mai kauri, ki ga nawa injin yake nunawa a matsayin motsi, ki cire wannan daga sakamakonki.

Saurin gwaji ma ki tsayar da shi ɗaya ki rubuta, domin waɗannan kayan suna ƙara tauri idan an ja su da sauri. Jijiya tana da nata rigimar: tana sulɓewa daga bakin maƙali, sai a ɗauka miƙewa ta yi. Ana magance wannan da sanfefa a bakin maƙalin ko daskarar da ƙarshenta, a ɗiga alama biyu a jikinta a bi su da kyamara, a kuma ja a saki kamar sau 10 kafin awon gaske. Don ki san ko lambobinki suna kan hanya, taurin (E) ƙashi mai ƙarfi na dabbobi masu shayarwa yana kusan gigafaskal 17 zuwa 20 a tsawonsa, ƙasa da haka sosai a gicciye, jijiya kuma 1 zuwa 1.5.

In kina son haɗawa da bidiyon tsalle, fara tana barin ƙasa cikin kusan milisakan 25 zuwa 30 da gudun kusan mita 3 a sakan. Hoto 1,000 a sakan zai ba ki hotuna 25 zuwa 30 ne kacal, wannan shi ne mafi ƙaranci. Buɗewar kyamara ta zama kashi 1 cikin 10,000 na sakan, wanda a cikinsa farar ta riga ta matsa milimita 0.3, kuma hakan yana buƙatar haske mai yawa wanda ba ya zafi. Don motsi ta fuska uku sai kyamara biyu da firam ɗin daidaitawa mai maki 6 aƙalla waɗanda ba sa kan shafi ɗaya, gara ma 20 ko fiye. Ki tace bayanan wuri kafin ki fitar da hanzari, don kowane mataki na lissafin yana kumbura kuskuren.

Ɗalibar Makanikal ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai malamai, Allah Ya ƙara ilimi. Zan tambayi mai kula da lab ɗinmu batun ƙaramar lod sel. Saura ɓangaren ƙira. Idan mutum ya auna ya gane yadda gaɓar take, yaya ake tashi daga nan zuwa sabon abu da mujalla za ta karɓa? Na ga ayyuka da yawa da ake buga siffar da firintar 3D kawai.

Dakta Polima ta amsa:

'Yar'uwa, waɗannan da kika gani su ne masu duba maƙalu suka fi mayarwa. Kwafe siffa ba ya wadatarwa. Abin da ake nema shi ne ki ware dalilin da ya sa abin yake aiki, ki rubuta shi da lissafi, ki ƙera abu da zai iya ƙaryata ki.

Ɗauki tsaka. A ƙarƙashin yatsun tsakar Tokay akwai gashi kusan 14,000 a kowane murabba'in milimita, tsawon kowanne kusan maikiromita 100, kuma bakinsa ya rarrabu zuwa ɗaruruwan filaye masu faɗin kusan nanomita 200. Kellar Autumn da abokan aikinsa sun auna gashi guda a 2000 suka samu kusan maikironiyuton 200, a 2002 kuma suka kawo hujjar cewa janyewar van der Waals, wato ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyin abubuwa biyu idan sun kusanci juna sosai, ita ce ke riƙewa. Gashin na keratin ne, dangin abin da ke cikin farce, mai taurin sama da gigafaskal 1, amma da yake a karkace yake kuma siriri, tarinsa yana nuna laushin kusan kilofaskal 100, shi ya sa yake bin lungunan bango. Sai an ɗan ja shi baya yake kamawa, idan kusurwarsa ta kai kusan digiri 30 ya saki. Masu zuba robar PDMS a mazubi mai ramuka suna samun ginshiƙai masu laushin megafaskal 1 zuwa 2. Idan sun yi tsawo ko sun matsu, sai su manne da juna su kwanta, ƙura ta kama su, bayan 'yan gwaje-gwaje ƙarfin ya zube. Ko sun yi kyau a milimita ɗaya, idan aka faɗaɗa zuwa tafin hannu nauyin ba ya rabuwa daidai, ɓarewa ta fara daga gefe. Alfred Crosby masanin polima da Duncan Irschick masanin halittu, a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, sun duba jijiyar da ke bayan gashin suka gane cewa ƙarfin riƙo yana ƙaruwa da faɗin wurin da kuma taurin abin a layin da ake ja. A 2012 suka fito da yadi mai tauri da aka shafe da roba mai laushi, babu gashi ko ɗaya, wanda guntunsa mai girman tafin hannu ya riƙe kusan kilo 300 a jikin gilashi. Irin wannan haɗin gwiwar za ki nema.

Haka lu'ulu'un cikin ƙumba. Kashi 95 cikin 100 nasa aragonait ne, ma'adini dangin alli mai saurin fashewa, saura furotin da kaitin (irin abin da ke cikin ɓawon ƙwari), an jera su kamar bulo da siminti: faranti masu kaurin rabin maikiromita da faɗin 5 zuwa 8. Makamashin da ake buƙata don tsaga shi ya ninka na tsantsar aragonait kusan sau 3,000. Dalilin shi ne farantan suna zamewa a kan juna kafin su karye, kuma rashin daidaiton kaurinsu yana sa zamewar ta cije a wuri ɗaya ta koma wani, tsagar kuma tana ta karkacewa. Idan abin da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin farantin, farantin ne zai fashe, juriya ta tafi. Idan ya yi rauni da yawa, su zare ba tare da sun sha makamashi ba. Firintar 3D tana da amfani wajen gwada wannan ma'aunin, ki sauya tsawon faranti a kan kaurinsa ki ga inda halin karyewar ya juya. Amma farantinta ya fi na gaske girma sau ɗaruruwa, kuma ƙanƙantar farantin gaske tana cikin abin da ke hana shi ɗauke da babban aibi. Don kusantar girman gaske ana amfani da daskarar da kunun garin alumina ta fuska ɗaya, ƙanƙara ta jera garin a shafi-shafi, a busar, a gasa, a cika da polima. Masu bincike na cibiyar Lawrence Berkeley a Amurka ne suka nuna hakan a 2006 da 2008.

Duk abin da kika ƙera, ki gwada shi kusa da abin kwatanci: robar nan ɗaya a shafe ba ginshiƙai, da matsin farko iri ɗaya, ko cakuɗen nan ɗaya ba tare da jeri ba. Juriyar tsagewa ana auna ta da sanda mai tsaga da aka yi da gangan, a bi tsawon tsagar yayin da take ci gaba, ba da faɗin da ke ƙarƙashin layin gwajin ja kaɗai ba. Kuma idan kina ganin abin zai kai ga haƙƙin mallaka, ki je ofishin jami'a kafin ki gabatar a taro. A Turai bayyanawa a fili tana kashe damar, Amurka ce take ba da rangwamen wata 12.

Malamin Bayomakaniks ya ƙara:

Abu biyu da injiniyoyi suke tuntuɓe a kai idan maƙalarsu ta faɗa hannun masanin halittu. Na farko, kada ki rubuta cewa gaɓar dabba ita ce mafi kyawun tsari. Ƙashi yana ɗaukar nauyi, yana adana sinadarin kalsiyam, yana girma, yana gyara kansa, kuma an gaje shi daga kakanni. Wata siffar da kika gani ba don ƙarfi take ba, gado ce ko sakamakon yadda ake girma. Idan za ki kwatanta jinsuna, dangantakarsu tana shiga lissafi, hanyar da Joseph Felsenstein ya shimfiɗa a 1985. Na biyu, adadin samfuri yawan dabbobi ne. Awo 50 daga fara 3 sunansa 3, kuma ƙafar dama da ta hagu na fara ɗaya ba masu zaman kansu ba ne.

Izini kuma ki fara nemansa da wuri don yana cin watanni. Duk aiki da dabba mai ƙashin baya sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma a Ingila da Tarayyar Turai dokar ta haɗa da dangin dorinar ruwa. Tsakar Tokay ta shiga jadawali na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, a 2019, ƙetare iyaka da ita ko sassanta sai da takarda.

Ga aikin kammalawarki, ki ɗauki fara 30 manya, jinsi ɗaya, duka mata ko duka maza, waɗanda suka yi aƙalla mako biyu da saɓar ƙarshe, domin ɓawon yana ci gaba da kauri bayan saɓa. Ki auna nauyin kowacce. Ƙafar dama ki gwada ta ɗanya cikin minti 15, ta hagu ki busar awa 24 sannan ki gwada, ki jefa kuri'a a sauya dama da hagu ga rabinsu. Ki lanƙwasa duka ta fuska ɗaya, wadda ƙafar take lanƙwasawa a tsalle, ki rubuta zafi da laimar ɗakin kowace rana, ki kwatanta ƙafafun biyu na kowace fara da juna.